Wa Ya Tsiyaye Man Fijon Na'iya?

Ranar Asabar da hantsi gamsheƙa ta sari Sirajo a gonarsa ta dawa, yana tsakiyar maimai. Kafin la'asar an dawo da gawarsa Tungar Ƙirya. Mutanen garin sun san saran maciji, sun kuma san ajali, ba wannan ne ya tunzura su ba. Motar da ta ɗauke shi ce ta tunzura su.

Tsohuwar Fijo ce akori-kura, shuɗiya, wadda marigayi Alhaji Na'iya ya saya tun yana saurayi. Ta girmi yawancin magidantan garin. Bayan rasuwarsa ita ce motar marasa lafiya, duk wanda ciwo ya kayar ita ke kai shi babban asibiti a Tambuwal, kuma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ran nan kuwa suna cikin daji, inda waya ba ta kamawa, sai bayanta ya soma kuka. Siddiƙ direba ya ji, amma da mutum yana shure-shure a baya wa zai tsaya? Can sai ƙafafun baya suka ƙame lokaci guda, motar ta ja ƙasa ta tsaya a karkace. Kafin a sami babur, numfashin Sirajo ya yi nisa. A bayan babur ya cika.

Da Siddiƙ ya shiga ƙarƙashi ya kwance tukunyar aksul, wannan dunƙulen ƙarfe da ke tsakanin ƙafafun baya, ya tarar da ita a bushe ƙamas, haƙoran ciki sun cinye juna. Alhali ranar Laraba aka sauya mata man giya a garejin Lauwali da ke Tambuwal.

Shi Lauwali bai san abin da ake faɗi ba. Ya ji rasuwa, ya hau babur ya zo jana'iza. Ana dawowa daga maƙabarta Ɗangiwa, yayan mamacin, ya tare shi a gaban jama'a ya kwashe shi da mari. Samari suka rufa masa. Da ƙyar Maigari ya ƙwace shi ya tura shi zaurensa ya ja ƙyaure.

Ɗangiwa mai bin sawu ne. Daga Kebbe har Jabo, in an kore shanu ko an fasa rumbu, shi ake aika wa. Dogo ne, mai furfura a gemu, ba ya yawan magana.

Maigari ya dube shi ya ce, "Ɗangiwa, shanun wasu kana duba ƙasa kahin ka kama mutum. Yau da ƙanenka na, ba ka duba komi ba kad daki bawan Allah."

"Mi za ni dubawa, ranka shi daɗe? Ya amshi aiki bai yi ba."

"Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba," in ji Ɗangiwa.

"To tahi ka gani. In shi na, ni da kaina za ni kai shi ga 'yan sanda."

*

Lauwali na zaune a kan buzu, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Da Ɗangiwa ya shigo bai ko ɗaga kai ba.

"Hwaɗa min yadda kay yi aikin."

"Yanzu kaka tambaya? Bayan ka tara min gari?"

"Ina tambaya."

Lauwali ya tofar da yawu mai jini a gefe. "Motag ga tun ina yaron gareji nika taɓa ta. Siddiƙ ya kawo ta da zahinta, don in mai ya yi sanyi ba shi hita duka. Notin sama nif fara kwancewa, na zubawa, don kada in tsiyaye mai in ishe na sama ya ƙi buɗuwa. Sannan nik kwance na ƙasa, tsohon mai yaz zuba cikin kwano, baƙi ƙirin. Na goge garin ƙarhen da ke manne ga notin, na sa sabon wasa, zoben da ke hana yoyo, na ɗaure. Na ɗura sabo da tiyo har sai da yad dawo ta ramin sama. Siddiƙ ya sa yatsa ya taɓa. Ka tambaye shi, ai yana da baki."

"In noti ya kwance bisa hanya hwa?"

"Notin da niɗ ɗaure? Tahi ka duba. In ka ishe shi sako-sako, dawo ka cike min ɗayan idon."

"Tsohon man ina shike?"

"Siddiƙ ya tahi da shi cikin galan. Wai wani Bahillace yar roƙa."

Ɗangiwa ya juya zai fita. Lauwali ya ce da bayansa, "Sirajo abokina na. Ba kai kaɗai kay yi rashi ba."

*

Da sassafe Siddiƙ ya goya shi a babur zuwa inda motar take. Ɗangiwa ya sa aka sauke shi tun da nisa, ya taka da ƙafa yana bin sawun tayoyin. Mota in tana yoyo takan bar ɗigo a hanya, iska kuma ta watsa man a cikinta. Babu ɗigo ko ɗaya. Ya kwanta rigingine ya shiga ƙarƙashi. Ƙarfen a bushe yake, ƙura ce kawai. Notin ƙasa yana nan daram, amma kansa ya sha cizo, gefe-gefensa sun ɓare, sabon ƙarfe yana ƙyalli.

"Siddiƙ, da mi Lauwali yaɗ ɗaure wanga?"

"Da sifana, Baba. Wadda tad dace da shi."

"Ka sa yatsa ka taɓa man?"

"Wallahi na taɓa. Har yanzu in na shinshina hannuna ina jin warin."

"To mi ya hana ka hwaɗi jiya, ana dukan mutum?"

Siddiƙ ya sunkuyar da kai. "Na ji tsoro su juyo kaina. Ni ad direba."

Ɗangiwa ya fito daga ƙarƙashin motar yana huci. Ya so ya zage shi, sai ya tuna hannun wa ya fara sauka a fuskar Lauwali, ya haɗiye. Cizon nan na filaya ne. Wani ya zo bayan makanike, ba shi da sifana, ya kwance ya tsiyaye, ya mayar ya ɗaure don kada a gane. Ba sakaci ba ne ke nan, da gangan aka yi.

"Daga Laraba ina motag ga tak kwana?"

"Rumfarta, bayan gidan Hajiya, matar Alhaji Na'iya. Ban sake tada ta ba sai jiya."

*

Kafin su koma gari magana ta riga ta sauya. Wata mai tallan fura ta ce ta ga Shaihu, makiyayin da ya sauka da shanunsa a bakin fadama, yana fitowa daga rumfar motar ranar Juma'a da galan a hannu. Dama akwai jiƙaƙƙa, don bara shanunsa sun shiga gonar Sirajo har aka yi cacar baki. Samarin da suka daki Lauwali jiya su ne yau suke ɗaukar gora za su rugar Shaihu.

Ɗangiwa ya tare su a bakin rijiya. "Duk wanda yat taka rugar nan kahin in dawo, ni da shi. Kun taka min sawu jiya, ba ku ƙara taka min yau."

Ya tarar da Shaihu yana shafa wa wata saniya wani abu a bayan kunne. Shaihu ya ga fuskarsa, ya miƙe tsaye riƙe da sandarsa.

"Na ji abin da aka hwaɗi cikin gari," in ji shi. "Komi yab ɓace, Shaihu. Yanzu har mota ni nika kashewa?"

"Kawo galan ɗin."

Shaihu ya shiga bukka ya jefo masa shi a gaba. Ɗangiwa ya tsiyaya kaɗan a tafin hannu. Baƙi ne, mai kauri, da ɗan garin ƙarfe yana walƙiya a ciki. Sabon man giya kuwa kalar zuma gare shi, kwana biyu a cikin mota ba za su mayar da shi haka ba.

"Kaska nika kashewa da shi. Siddiƙ yac ce in ɗauka, ya aje min gindin ginshiƙi."

"Yaushe kaɗ ɗauka?"

"Da hantsi, mutane ba su tahi masallaci ba tukuna."

"Ka ga kowa?"

"Ban ga kowa ba. Na duƙa niɗ ɗauka, kaji na tonon ƙasa ƙarƙashin motar, nit tahi."

"Shi ke nan. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri ba ya tare gora, Ɗangiwa. Iyalina na nan. Ka gaya musu."

"Ka zo ƙohwar Maigari bayan la'asar, ka ji in gaya musu a gabanka."

*

Rumfar motar tana jingine da katangar gidan Alhaji Na'iya ta baya. Ɗangiwa ya tsaya a bakinta bai shiga ba. Ƙasar Tungar Ƙirya ja ce, amma tsakiyar rumfar, daidai inda ƙafafun baya ke tsayawa, an shimfiɗe farin yashi, an baje shi da kyau. Babu alamar tonon kaji a kansa sai a gefe.

Ya kira Siddiƙ. "Yashin ga hwa?"

"Da munka dawo Juma'a nig gane shi. Na ɗauka Hajiya tas sa anka zuba sabo da damina."

Tungar Ƙirya ba ta da masallacin Juma'a, maza kan tafi garin da ke gaba, gari ya rage daga mata sai tsofaffi. Ɗangiwa ya durƙusa ya share yashin da hannu. Yatsu kaɗan ƙasa, ga tabo mai faɗi, ƙasa ta dunƙule, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai da tafarnuwa ya bugi hancinsa. Mai tsiyayar bai iya tara kwano ba, man ya kwaɓe masa, shi ne ya rufe ɓarnar.

Yashi ba ya tafiya da ƙafarsa. Ɗangiwa ya zagaya. Ta gaban rumfar jama'ar jana'iza sun tattake komai, amma ta lungun katanga, inda ba kowa ke bi ba, ga sawun baro a kan ƙasar da ruwan Alhamis ya jiƙa. Taya ɗaya, mai lanƙwasa, tana tafiya tana rangaji. Zuwa biyu: ɗaya mai nauyi ya nufi rumfa, ɗaya marar nauyi ya koma. A tsakaninsu takalmi sau-ciki, mai tudun dunduniya. Ya bi. Inda ciyawa ta haɗiye sawun, ƙwayoyin farin yashi da suka zube suka riƙe masa hanya. Ya ƙetare kwata, ya bi bayan turken awaki, ya ɓullo gabas da gari.

Sawun ya shige ƙarƙashin wata ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Sabon gini ne da ba a gama ba, na Mu'awiya ɗan Alhaji Na'iya, wanda ke kasuwanci a Sakkwato. Ɗangiwa ya leƙa ta kafar ƙofar. Ga tarin farin yashi, ga baro a kife, tayarsa a lanƙwashe.

Ya daɗe tsaye, hannunsa riƙe da kwaɗon, har ƙarfen ya yi masa shaida a tafi. Mu'awiya ne ya fi kowa ɗaga murya jiya cewa a kai Lauwali gidan yari. Shi ne kuma ya riƙe hannun Ɗangiwa a bakin kabari yana ba shi haƙuri.

*

Hajiya Mu'minatu, matar marigayi Alhaji Na'iya, ta karɓe shi a zaure, tana bayan labule. Ta yi masa gaisuwar rashi da murya ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, wa ke riƙe da mabuɗin ginin Mu'awiya?"

"Shi na. Magina sun tsaya tun da ruwa yas sauka."

"Ya tahi Juma'a da mutane?"

"Ya ce Tambuwal za shi yi tashi sallar."

"Motag ga, wa za shi gaje ta?"

"Alhaji ya bar wasiyya gaban Maigari. Muddin tana tahiya, ta marasa lahiya ta. Ran da tat tsaya, ta koma ga magada." Ta ja numfashi. "Akwai wani mutum na birni mai tara tsohin motoci, tun bara shika zarya. Ya ce ko ba ta motsi shina so, su suna da masu gyara. Ni nic ce a'a."

"Hajiya, akwai abin da kis sani."

Ɗangiwa ya ƙara matsowa kusa da labulen.

"An kusa kashe Lauwali cikin garin ga. Yanzu ana shirin ƙone rugar Shaihu da 'ya'yanai ciki. Ƙanena na cikin ƙasa. Ni ba ni tilasta miki, uwa ta ke. Amma bayan la'asar ina ƙohwar Maigari."

Ya tashi bai yi sallama ba.

*

Gari ya taru. Maigari na kan kujerarsa, Lauwali a gefe da kumburarren ido, Shaihu can nesa kaɗan ya dogara da sanda, Siddiƙ a rakuɓe. Mu'awiya ya zo cikin farar shadda, ya zauna a sahun gaba.

Ɗangiwa ya fara da Lauwali. Ya ce mai ya shiga motar, Siddiƙ shaida ne, kuma notin da aka ciza da filaya ba aikin mai sifana ba ne. "Na mare shi bisa zalunci. Ku da kunka bi bayana, zaluncin ku ya hi nawa, don ku ko ƙanenku bai mutu ba." Ya ɗaga galan ɗin Shaihu ya zuba kaɗan a ƙasa kowa ya ga baƙinsa. "Wanga tsohon mai na. Wanda anka sace sabo na. Shaihu ba shi ciki."

"To wa ac ciki?" wani ya yi ihu daga baya.

Ɗangiwa ya kwance ƙullin da ke hannunsa, ya zazzage a gaban Maigari: farin yashi, da dunƙulen jar ƙasa mai wari. Ya faɗi inda ya same su, da lokacin da aka zuba, da hanyar da baro ya bi. Sannan ya juya.

"Mu'awiya, ba Maigari mabuɗin gininka."

Mu'awiya ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Haba Baba Ɗangiwa. Baƙin ciki ne ke damunka. Yashi ai kowa na iya ɗiba."

"Ta ƙohwa mai kwaɗo?"

"Yara na haura katanga."

"Da baro a kai? Sanye da sau-ciki?" Ɗangiwa ya matso. "Wane masallaci kay yi Juma'a a Tambuwal? Wa kag gani? Wa yag gane ka?"

"Ni za ka tuhuma? Motar ubana ce! Don me zan lalata abin ubana?"

"Don ta tsaya."

Maigari, wanda aka yi wasiyyar a gabansa, ya gyara zama a hankali yana duban Mu'awiya.

"Ƙarya ne! Ba ku da shaida sai ƙasa da yashi!"

Sai aka ga mata suna darewa. Hajiya Mu'minatu ce, lulluɓe da mayafi, ba ta taɓa taka ƙofar Maigari ba tun da aka kawo ta garin. Ta ajiye wani ƙunshi a ƙasa ta buɗe da ƙafa. Riga ce ruwan ƙasa, hannun dama ya jiƙe da mai tun daga wuyan hannu har kafaɗa.

"Ƙarƙashin katihwarshi nis same ta," ta ce. "Shekara da shekaru ina wanke wa ubanai irin warin ga, ba ni ɓata shi. Tun jiya nis sani, nir ruhe bakina ana dukan Lauwali. Allah shi yahe min."

"Inna!" in ji Mu'awiya.

"Kada ka kira ni."

Ya dubi rigar, ya dubi jama'a. "Wallahi ban yi nufin kowa ya mutu ba. Na ɗauka in Siddiƙ ya tashe ta zai je shan mai, a bakin gari za ta tsaya. Ban san Sirajo za a ɗauka ba, wallahi ban sani ba!"

Samari suka yunƙuro. Ɗangiwa ya riga su isa. Ya cafki wuyan shaddar ya ɗaga shi tsaye, ɗaya hannun a dunƙule, kowa ya ɗauka zai kashe shi a wurin. Shi kansa bai san abin da zai yi ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, haƙoransa suna ƙara. Sai ya juya da shi, ya tura shi cikin zauren Maigari, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba mai taɓa shi. Kun daki marar laihi jiya, ba ku wanke hannunku da jinin wanga. Hukuma za ta ɗauke shi, kuma ni za ni tsaya gaban alƙali in hwaɗi abin da nig gani."

Kafin magariba motar 'yan sanda ta zo daga Kebbe ta tafi da shi. Shaihu ya ɗauki galan ɗinsa ya wuce bai ce da kowa uffan ba. Ɗangiwa ya je gaban Lauwali ya durƙusa, dattijo da shi, ya nemi gafara. Lauwali ya dube shi da ido ɗaya ya ce, "Kai na yahe maka, don Sirajo. Garinku kuwa sai na yi tunani." Ya hau babur ɗinsa, ya yi gaba kaɗan, ya tsaya ya kira Siddiƙ. "A jawo min motar gareji gobe. Akwai wani aksul da niɗ daɗe da ajewa. Masu ciwo ba su yi min komi ba."

*

Washegari da safe Hajiya ta aiko a roƙi Ɗangiwa ya kai mata magana wurin Hauwa'u, matar Sirajo, ko za ta yafe, ko hukunci zai yi sauƙi. Bai so ba, amma ya je.

Ya same ta a ƙofar ɗaki cikin kayan takaba, 'yarta ta goye tana barci a cinyarta, fartanyar Sirajo jingine inda aka ajiye ta da ƙasar gona a bakinta. Ya zauna nesa kaɗan ya faɗa mata komai, bai rage ba bai ƙara ba.

Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Yaya, ya san mi motar ke ɗauka?"

"Ya sani. Amma ya rantse bai san Sirajo za ta ɗauka ba."

"Bai san Sirajo na ba," ta ce, tana gyara wa yarinyar kwanciya. "Amma ya san wani na. Ya dai yarda ko wane ne shi mutu."

Ɗangiwa ya miƙe zai tafi, sai ta tsayar da shi.

"Ka gaya wa Hajiya na gode da rigar da tak kawo. Ɗanta kuwa ban yahe ba. Ran da niy yahe, ni za ni aika."